Takalman Birkin Boaz

Ranar da mijina Boaz ya shigo gida da ƙafar wandonsa a yage tun daga idon sawu har gwiwa, dariya yake yi. Wannan dariyar ce ta fi ɓata mini rai. Ina tsugune ina juya citta a tsakar gida, ya tsaya a kaina yana ba ni labari, wai wilin tarago ne ya kama wandon, saura ƙiris ya haɗa da ƙafar.

A wani wurin fasa dutse yake aiki, can bayan Kafanchan ta gefen tsaunuka. Masu wurin suna da guntun layin dogo nasu da wani tsohon tarago da suka saya tun zamanin da jirgi ke cika garin nan da kuka. A sama ake loda masa dutse, ya gangaro zuwa inda tifofi ke jira, sannan a ja shi da waya ya koma. Aikin Boaz shi ne ya tsaya a kan matakin taragon ya murɗa birki. To, birkin ya cinye. Waɗannan lanƙwasassun ƙarafa da ke matse wili, waɗanda ake kira takalman birki, sun side har sun koma kamar ɓawon kabewa. Saboda haka sai Boaz ya riƙa bin taragon da gudu a ƙasa, ɗauke da gungumen icce, in an kusa ƙarshen gangara ya cusa shi ƙarƙashin wili ya zama waigi.

“Oga ya ce an yi odan sabo, yana hanya,” in ji shi.

“Tun kafin Ista yake hanya,” na ce. “Da ƙafa yake zuwa?”

Ya ɗauki bokiti ya nufi bayi. Na bi ƙafafunsa da kallo, na ji tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma tsoron bai daɗe ba ya koma fushi. Ni Milka ban iya zama da fushi ba, sai na nema masa aikin yi.

Washegari na tafi wurin mahaifina, Baba Bartholomew. Duk ƙuruciyarsa a shagon zubin ƙarfe na reluwe ya ƙare ta, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da hira sai ta jirgi. In ka gaishe shi da safe, kafin ka ankara ya kai ka Inugu ya dawo da kai. Yanzu hannunsa na rawa, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Na ajiye masa tsohon takalmin birkin da na sa Boaz ya kwanto mini. Ya juya shi, ya shafa bayansa inda maratayin yake.

“Irin wannan mun zuba shi kamar ƙosai,” ya ce. “Amma ina wuta? Ina hannu? Nawa ya gama aiki.”

“Malam Ja'afaru yana da wuta, yana da hannu.”

Baba ya kalle ni kamar na ce a ɗauko mai gyaran keke ya gyara jirgi. “Mai tukwane?”

Malam Ja'afaru maƙerin tukwanen dalma ne a bayan kasuwa. Kakansa ya zo garin nan tare da layin dogo, kuma babu gidan da ake dafa gwate a unguwarmu da ba a ɗora tukunyarsa a murhu ba. Mutum ne mai saurin hannu da saurin baki. Shi da Baba sun shekara da shekaru suna tsokanar juna, shi yana ce masa Baba Reluwe, Baba kuma yana ce masa sarkin gwangwani. Da na kai masa maganar bai yi wani dogon tunani ba. Ya karɓi tsohon ƙarfen ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kira ni da sunan 'yata kamar yadda aka saba.

“Maman Hulda, abin da ya fi wannan lanƙwasa mun zuba. Ki dawo jibi.”

Na dawo jibin tare da Baba. Malam Ja'afaru ya fito da gwajin da ya yi da dalma, yana sheƙi, yana ta murmushi. Ya yi abin da ya saba yi ne. Mai zubin tukunya in zai yi sabuwa, tukunya yake ɗauka ya danna a cikin yashi ya sami gurbi. Shi ma sai ya danna tsohon takalmin a yashi, ya fitar mana da sabon cinyayyen takalmi, har da tsagar da ke gefensa.

Baba ya yi dariya har sai da ya nemi benci. “Sannu da aiki, sarkin gwangwani. Ka haifi tsoho.”

Malam Ja'afaru ya sosa ƙeya, shi ma ya dara. Daga ranar aikin ya zama na mutum uku. Baba ya ce sai an sassaƙa samfur na katako, mai cikakken kauri, kuma a ɗan ƙara masa girma, domin ƙarfe in ya huce yana tsukewa. Shi ba zai iya riƙe kurfi ba, don haka muka kai wa wani kafinta, Baba ya zauna a kansa yana faɗa har kafintan ya ce ko don gaba ba zai sake karɓar aikin ɗan reluwe ba.

Sai maganar wuta. Wutar da ke narka dalma, in ka sa mata ƙarfe, ja kawai zai yi ya zuba maka ido. Baba ya sa aka gina tanderu a cikin tsohuwar ganga, aka shafe cikinta da yumɓu da ƙasar gara, aka jona mata injin hura iska da bututun baƙin mai. Ni kuma na shiga yawon 'yan gwangwan ina neman ƙarfen da suke kira kas, irin na fasasshen injin mota. Har Zonkwa na je. Matan zumuntar cocinmu suka fara tambayata ko na bar citta na koma bola. Na ce musu su ci gaba da sa ni a addu'a, sauran su bar mini.

Gwajin farko ƙarfen bai narke ba. Na biyu ya narke, amma yashin na da danshi, ya tofar da wuta har ta ƙona wa Malam Ja'afaru gefen riga. Baba ya ce yashin tukunya daban, na ƙarfe daban, sai an gasa gurbin ya bushe ƙayau. Duk wannan lokacin, kullum da safe Boaz yana fita, ni kuma ba na samun natsuwa sai na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida da yamma.

Ranar da muka shirya zubi na gaske, aka aiko cewa ƙanwar Baba ta rasu a Madakiya. Dole mu tafi. Baba ya tsaya ya ga ƙarfen ya narke, ya ga Malam Ja'afaru ya zuba shi cikin akwatunan yashi huɗu ba tare da hannunsa ya girgiza ba, ya gyaɗa kai, muka hau mota. Hankalinsa na kan makoki, bai ce komai game da abin da za a yi bayan zubi ba. A wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne, kowa ya sani.

Da muka dawo bayan jana'iza, Malam Ja'afaru ya tarbe mu da ta'aziyya, sannan ya janye buhu daga kan wasu ƙarafa huɗu da ya jera a kan tabarma. Sun yi kyau, Allah ya sani. Sumul, masu kauri, maratayin ya fito daidai. Na durƙusa na taɓa ɗaya, hawaye suka cika mini ido.

“Yaushe ka fasa akwati?” Baba ya tambaya.

“Kuna hawa mota. Ai da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, Baba Reluwe. Na zazzage su suna ja, na watsa musu ruwa, kafin la'asar har na kankare su.”

Haka yake yi wa tukwanensa tun yana saurayi. A zuba, a fasa, a watsa ruwa, a miƙa wa mai saye, yashin kuma a sake dama shi don ta gaba. Bai taɓa barin abu ya kwana a yashi ba.

Baba ya ce a ba shi magagari. Ya goga a gefen ɗaya, magagarin ya zame bai ci komai ba. Ya miƙa wa Malam Ja'afaru guduma.

“Buga.”

“In buga aikina?”

“Buga, ba da ƙarfi ba ma.”

Ya buga. Ƙarfen ya rabe gida biyu kamar kaskon ƙasa. Ya buga na biyu, shi ma haka. Bai jira an ce ya buga sauran ba, ya buge su, ya ajiye gudumar a hankali.

“Wannan ƙarfe ba dalma ba ne,” Baba ya ce, kuma wannan karon babu tsokana a muryarsa. “In ka ba shi ruwa yana ja, zai yi tauri a waje, ciki duk tsaga. Da an sa wannan a tarago, yaron nan zai tsaya a sama ya yarda da shi. Tsakiyan gangara zai fashe, kuma babu kowa a ƙasa da waigi. Barinsa ake yi cikin yashi ya kwana, ya huce da kansa.”

Na so in yi wa Malam Ja'afaru faɗa, maganar ta zo mini har baki. Sai na ga fuskarsa. Mutumin da ba ya rasa amsa ya tsaya yana kallon gutsattsarin ƙarfe, leɓensa na motsi. Na haɗiye faɗan na ɗauki kwando na fara kwashe gutsattsarin.

“Za su sake narkewa, Baba?”

“Za su narke.”

“To, a hura wuta.”

Ba a hura a ranar ba, don sai da aka sake dama yashi, aka danna samfur, aka gasa gurabu, aka yi wa tanderun faci. Malam Ja'afaru ya ajiye aikin tukwanensa gaba ɗaya. Wata mata ta zo neman tukunyar biki, ya ce mata ta yi haƙuri, yana da aikin rai a gabansa. Ranar zubi na biyu muka fara da hantsi. Baba ya cire hula ya yi addu'a cikin sunan Yesu, Malam Ja'afaru ya yi bisimilla, ya ɗaga tukunyar narkin da dogon awartaki. Ƙarfen ya kwarara fari fat, ba a iya kallonsa. Ya cika akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sa aka ƙara tula musu busasshen yashi a kai, ya ce kada wanda ya taɓa su sai gobe.

Ba a yi nisa da azahar ba sai ga Boaz a kan babur, da buhu a ɗaure a baya. Ya gaida Baba, ya gaida Malam Ja'afaru, ya juyo wurina.

“Maman Hulda, an gama? Tifa sun cika wurin, Oga ya ce kaya zai sauka yau. Kuma an yi ruwa a sama, layi yana santsi. Ya ce in abin ya yi ready in kawo a ɗaura.”

Na kalli akwatunan. Tururi na tashi daga yashin a hankali. Abin da na yi ta wahala a kai yana nan a gabana, taku biyu, an riga an zuba shi. Na ga hannun Malam Ja'afaru ya nufi shebur da kansa, sai ya janye shi ya cusa a aljihu.

“Ba za a buɗe ba,” na ce.

“To, shi ke nan. Bari in koma.”

“Ba za ka koma ba. Ka ce masa ba ka da lafiya. Ka ce masa matarka ta haukace, ba ƙarya ka yi ba.”

Boaz ya kashe babur ɗin. Ba mai yawan magana ba ne, kuma in zai faɗi abu mai nauyi ƙasa yake kallo. “In ban je ba, Hussaini za su sa. Bai san gangaran ba, bai taɓa sa waigi a layi mai ruwa ba. Matansa ya haihu kwanan nan, ke ma kin je suna.”

Na je sunan, har da turmin atamfa. Na juya wurin Baba ko zai ce a ɗan buɗe ɗaya a gani, ko akwai wata dabara ta 'yan reluwe da ya ɓoye. Baba ya kawar da kai yana kallon tanderu. Ya riga ya faɗi abin da ya sani, ya bar mini sauran.

Abu biyu ne a gabana, kuma babu mai daɗi. In na buɗe, zan ba mijina ƙarfen da ban yarda da shi ba, shi kuma zai yarda da shi don daga hannuna ya fito. In ban buɗe ba, zai bi tarago da gudu a kan jiƙaƙƙen dutse. Gungumen kuwa, aƙalla Boaz ya san halinsa.

“Je ka,” na ce. “Ka sa waigin tun da wuri, kada ka jira ƙarshe. Kuma ka naɗe ƙafar wandon nan.”

Ya sunkuya ya naɗe, ya tada babur ya tafi. Na jawo benci na ajiye a gaban akwatunan na zauna, na ba hanya baya don kada in riƙa kallonta.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Matar Malam Ja'afaru, A'i, ta aiko mini da kunu, ya huce a gefena. Duk babur ɗin da ya wuce sai na kasa kunne. Can wajen la'asar na kasa daurewa, na miƙe na ɗauki shebur. Ban san me zan yi da shi ba, ko an buɗe a lokacin ai Boaz ya riga ya tafi. Hannuna ne kawai ke neman abin yi. Malam Ja'afaru ya taso daga inda ya idar da salla, ya tsaya tsakanina da akwatunan.

“Maman Hulda, sauri ya haifi nawa. Ni na gwada, kin ga abin da na haifa. Kawo shebur ɗin.”

Na ba shi. Ya kai shi cikin shago ya kulle, ya dawo ya zauna a ɗaya gefen bencin. Baba na gyangyaɗi a kujera, ko kuwa yana yin kamar yana gyangyaɗi, don na ga bakinsa na motsi. Muka zauna mu uku muna gadin yashi.

Rana ta kusa faɗuwa Boaz ya dawo. Taɓo har ƙugunsa, gwiwar hannunsa a goge tana jini, ya ce santsi ne ya kwashe shi amma ya riga ya sa waigin. Wannan karon bai yi dariya ba. Na nemi ruwan ɗumi na wanke masa ciwon.

Da gari ya waye muka fasa akwatunan. Ƙarafan sun fito da ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza, baƙi-baƙi, yashi ya manne musu, ba su kai na farko kyau ba. Baba ya goga magagari, ya ci, garin ƙarfe mai toka-toka ya zubo. Malam Ja'afaru bai jira umarni ba, ya ɗauki guduma ya maka wa ɗaya da iyakar ƙarfinsa, ya ƙara, ya ƙara. Sai da Baba ya ce ya isa haka, ba gaba ake yi da shi ba. Ko gezau ƙarfen bai yi ba.

Muka ɗauki keke mai ƙafa uku har wurin fasa dutsen. Ban taɓa zuwa ba sai ranar, kuma da na ga gangarar na gode wa Ubangiji da ban gan ta tun farko ba, da ban yi barci ba ko sau ɗaya. Ogan nasu ya zagaya ƙarafan yana taɓe baki, ya ce in sun shiga a ɗaura. Ɗaya ya ƙi shiga maratayinsa, Malam Ja'afaru ya zauna a ƙasa da fararen kayansa ya goge shi da magagari har ya zauna daram. Baba ya sa aka fara gwadawa da tarago babu kaya, sannan da rabin kaya. Duka biyun ya tsaya. Sai aka cika shi da dutse har ya yi tozo.

Na sauka ƙasa inda tifofi ke jira. Daga can sama na hango Boaz ya hau mataki, ya kama abin murɗa birkin da hannu biyu. Aka saki taragon. Ya taho a hankali, ya ƙara gudu, ƙarar wilinsa ta cika wurin, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na ga Boaz ya sunkuya yana murɗawa. Wata ƙara mai kashe haƙori ta tashi, tartsatsi ya fito daga ƙarƙashi, warin ƙonannen ƙarfe ya iso ni. Gudun ya ragu, ya ƙara raguwa, taragon ya ja jiki ya zo daidai inda ake juye kaya.

Ban ankara ba sai na ga Boaz ya saki ƙarfen ya diro ƙasa, daf da wilin. Raina ya tashi, na yi kansa ina faɗa a gaban ogansa da direbobin tifa da kowa.

“Kai wane irin mutum ne? Duk wahalar da aka sha, sai ka diro a gaban wili? Matsa daga nan kafin ya taka ka.”

Bai matsa ba. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin taragon, ya jingina da shi.

“Milka,” ya ce, “a tsaye yake.”

Na kalli wilin. Hayaƙi na fita kaɗan-kaɗan daga inda ƙarfenmu ya cije shi, kuma ko motsi ba ya yi. Na zauna a kan tsakuwa da zanen zumuntata, na yi kukan da na hana kaina tun ranar da wandon nan ya yage.